Kayan tafiyar nesa a babur: hular kwano kafin fitilar gayu

Da zarar hunturu ya fara kaɗawa sai kaji samari a majalisa sun shiga lissafin tafiya, wannan yace Jos zai je a babur, wancan yace shi Yankari, wani ma har Damagaram yake hange ta Daura da Kongolam. Abin da na lura dashi shine kusan kowa da babur ɗin yake fara kashe kuɗi, a sa masa fitilu masu launi, a ɗaura sifika, a canja salansa ya dinga ƙara tun daga bakin layi a san ka fito, amma shi bawan Allahn da zai zauna a kai wuni guda cikin iska da ƙura ba'a ware masa ko sisi ba. Ni dai a nawa ganin in kuɗinka kaɗan ne, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 waye nasa ba kaɗan ba, to jikinka zaka fara yiwa siyayya, sai taya da kaca, sai yadda zaka ɗaure kaya, in wani abu ya rage kaje ka sayi fitilar taka ba wanda ya hana ka.

Bidiyon YouTube ne ke ruɗar mu wallahi. Kaga Bature da ƙaton mashin da akwatunan alminiyam hagu da dama, sai ka ɗauka in baka da irinsu kai da tafiya sai dai kallo. Ko a nan gida ma, Kunle Adeyanju da ya taho daga Landan har Legas a 2022 don yaƙi da cutar shan inna a kan Honda CB500X ya zo, kuma ya burge, amma shi nahiya ya tsallako ya ratsa hamada. Kai da zaka yi Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, Boxer ɗinka ko TVS ko Haojue ya ishe ka, yana ma da wata fa'ida da ƙaton mashin bai da ita, duk ƙauyen da ka tsaya akwai bakaniken da ya san cikinsa ciki da bai kuma kayan gyaransa suna rataye a shagon kusa. Haka nake auna sauran kayan ma, duk abin da in ya lalace sai an yi oda daga Legas ko Chana to ba nawa bane.

Hular kwano. Nan zan ɗan jima domin nan ne muka fi yiwa kanmu ƙarya. Waɗanda suka yi wayo a lokacin zasu tuna Janairun 2009 da 'yan Road Safety suka fara tilasta sa ta, aka ga 'yan acaɓa da ƙwarya a kai an huda an zura igiya, wasu tukunyar roba, wasu hular 'yan gini, har gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka aka yi ta dariya. Dariyar ta wuce amma tunanin yana nan, har yau yawancinmu hular da zata raba mu da jami'i muke nema, ba wadda zata raba kanmu da kwalta ba. Alhali alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Abin da ke aiki a cikinta ba ƙyallin waje bane. Ɗaga yadin ciki ka leƙa, zaka ga wani farin soso mai tauri irin wanda ake tallafe talabijin dashi a kwali, shine yake murƙushewa ya shanye dukan maimakon ƙwaƙwalwarka ta shanye. In ka ga siriri ne, ko ma babu shi sai katifa mai laushi da babban yatsanka ke nutsewa a ciki har ya taɓo roba, ajiye musu kayansu ko da an manna mata sitika goma, don sitikar DOT, wato alamar ƙa'idar Amurka, kowa zai iya bugawa. Wadda ta bi ƙa'idar Turai zaka ga wani ɗan ƙyalle an ɗinke a jikin maɗaurinta da harafin E da lamba a cikin da'ira, ECE 22.05 ko sabuwar 22.06, shima ana iya yin jabunsa amma in ka haɗa da kaurin soso da nauyin hular a hannu da ingancin maɗauri zaka gane. Kuma sosan nan sau ɗaya yake aiki, in ya murƙushe baya dawowa, shi yasa duk son da nake wa gwanjo bana sayen hular kwano a gwanjo, baka san kan wa ta taɓa ceta ba kafin ta iso hannunka, daga waje kuwa zaka ganta garau.

Ka ɗauki mai rufe haɓa gaba ɗaya. Mutum in ya faɗi ta gaba fuska ce da haɓa ke fara gaisawa da ƙasa, rabin hular nan mai kama saman kai kawai bata san da wannan ba. Wajen gwaji cire hularka ta zanna ko kube ka sa a jaka, kar ka ɗora kwano a kanta, sa ta ka ɗaure ka girgiza kai hagu da dama, in tana yawo ita kaɗai tayi maka yawa, ya kamata ta ɗan matse kumatu ba tare da ta sa maka ciwon goshi ba. Ka zauna da ita a shagon na ɗan lokaci ko da mai shago zai ɗauka ka samu matsala. Gilashinta fari zaka saya, baƙin nan mai kyau a hoto da magariba tayi ka zama makaho, in rana ce ke damunka sa tabarau a ciki. Ƙurar hunturu kuma kar ka goge ta a bushe da hannun riga, yashi ne, zai kakkarce gilashin har fitilar motar da ke tahowa ta dinga tarwatsewa a idonka, ka zuba ruwa tukun sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Maɗauri kuwa in baka ɗaure ba to baka sa hula ba, tun kafin ka kai ƙasa ita ta riga ta yi nata wajen.

Daga kai sai hannu. Duk wanda ya taɓa zamewa ko a kan yashin kwana ne ya san tafin hannu yake fara miƙawa ba tare da ya yi shawara ba, kuma ciwon tafin hannu mugun ciwo ne, ba cin abinci ba alwala ba riƙe waya sai an yi makonni. Safar hannu ta fata mai maɗauri a wuyan hannu ita ce, ba ta ulu ba wadda kwalta zata cinye nan take. In ta gagara ko ta 'yan walda ce tafi babu, duk da tana da tauri kuma bata bari kaji birki sosai. Akwai kuma maganar sanyi, ka fita bayan asuba a watan Disamba ko Janairu iska na dukan yatsu, kafin ka yi nisa sun sandare, ranar da akuya ta faɗo titi zaka nemi damƙe birki kaji yatsun basa jin magana.

Silifas kuwa don Allah a bar shi a gida. Takalmin da ya rufe idon sawu ake so, kuma a nan gwanjo yana da rana, a Ƙofar Wambai in ka yi haƙurin tonawa zaka samu but irin na ma'aikatan kamfani mai ƙwari da sauƙin kuɗi. Sai dai ka tuna kai mai sallah ne, zaka cire ka mayar a hanya, to mai zif a gefe ko mai sauƙin kwancewa yafi, don in ya zama kowace alwala sai kayi kokawa da igiya zaka tsinci kanka ka ɗaure shi a kariya ka koma silifas. In mai igiya ne ka tura bakin igiyar ciki, tana iya maƙalewa a ƙarfen giya ka zo tsayawa ƙafa taƙi sauka, a gaban mutane ka kife a tsaye.

Sutura kuma, nan ne namu ya bambanta da na kowa. Babbar riga da jallabiya da dogon kaftani kayan isa ne ba kayan hanya ba, ninke su ka sa a jaka in ka sauka ka yi wanka ka sa abinka ka shiga ɗaurin aure fes. Bakin riga in ya shiga tsakanin kaca da haƙoranta ko cikin wayoyin taya baya tambaya, fizge ka zai yi. Wannan ya fi shafar wadda ka goya, hijabi da zani da mayafi sun sha jawo mummunan haɗari a garuruwanmu, in da uwargida zaku tafi a tattare komai a zauna a kai, a duba cewa murfin kaca yana nan ba'a cire shi don gayu ba, kuma ita ma a saya mata hula da safar hannu irin naka, ba kai ka rufe ruf ita a barta da ɗankwali ba. Masu naɗa rawani saboda ƙura suma su kula da jelar.

Wando jins mai kauri, sai jaket. Baƙar jaket ɗin fata da ake gani a fim, ka sa ta a watan Afrilu tsakanin Kano da Haɗeja zafi ya haura digiri 40, kamar ka shiga tanda ne, kuma ƙarshenta cirewa zaka yi. Akwai ta masu babur mai raga-raga da iska ke ratsawa, da ɗan abu mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, tana fitowa a dilar gwanjo jefi-jefi kuma sau da yawa mai sayarwa bai ma san ta babur bace. Irin ta nake so, in sanyi ne ka sa suwaita a ciki ka ɗora rigar ruwa a sama ta tare iska, ka samu kaya ɗaya na kowane yanayi. Mai zuwa Jos ya riƙe wannan, garin yana sama da mita 1,200, zaka baro Kano da gumi ka isa kana karkarwa. Ka ƙara da 'yar shara mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan titi, ba kyau gareta ba na sani, amma cikin hazo direban tirela ita zai fara hangowa kafin ya hango ka.

Ta damina a gajarce, rigar ruwa mai riga da wando, ba mai kama da bargo ba da iska ke kaɗawa tana neman taya. Kayan cikin jaka kuma a zuba su a babbar leda kafin a sa, ko me mai jakar yace maka game da rashin shan ruwanta.

To yanzu babur ɗin kansa. Taya ce farko, kuma ba zanen kawai zaka duba ba, a gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, in kaga 2322 ana nufin an yi ta a mako na 23 na 2022, don akwai tayar da ta tsufa a shago ta bushe tana tsattsagewa alhali ko sau ɗaya bata taka ƙasa ba. Yawancin baburanmu masu tib ne, to ka tafi da sabon tib da kayan faci da ƙaramin famfo da ƙarafan cire taya, kuma abin da yafi su duka, kaje wajen mai facin unguwarku wata rana da yamma ka saya masa lemo kace malam yau ni zan cire da hannuna kana kallo. Masu faci suna da yawa a hanya gaskiya ne, amma ƙusa bata zaɓar kusa da su, kuma tura babur mai kaya kilomita biyar a rana ba wasa bane.

Kaca ka duba ta da kaya a kai kana zaune, ta ɗan yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, in ta ɗame da yawa tana cin haƙora tana wahalar da inji, in ta saki tana iya zamewa. In haƙoran sun yi tsini sun karkata a canja su tare da kacar gaba ɗaya, sabuwar kaca a tsofaffin haƙora asarar kuɗi ce. Ka riƙe ɗan mahaɗin kaca a aljihun kayan aiki da ɗan mai na shafa mata. Sauran tarkacen basu da nauyi, fulogi ɗaya da sifanarsa, wayar kuloci, ƙwan fitila, fis, filaya, sukundireba, sifanu masu lamba 8 da 10 da 12 da 14 da wadda ta dace da notin tayarka, sai 'yar waya ta ɗauri da salatif. Wata dabara da tsofaffin 'yan acaɓa ke yi, su zura sabuwar wayar kuloci kusa da tsohuwar su ɗaure ta a jiki, ranar da ta tsinke sai dai a maƙala kawai. Baƙin mai kayi juye kafin ka tashi, irin 20W-50 da littafin yawancin waɗannan baburan ke cewa, kuma a wajen wanda ka yarda dashi saboda jabu yayi yawa. Matatar iska ma a buɗe a duba, hunturu yana toshe ta babur ya dinga shan mai yana kasala kai kana zagin kabireta.

Amma kar ka kai shi babban gyara ana gobe tafiya. Ka bar kwana biyu ko uku kana zagayawa dashi a gari, in an manta wani noti a sake gara ya nuna kansa a Zoo Road da ya nuna a dajin Falgore.

Ɗaurin kaya shima ilimi ne. Mai nauyi ƙasa kuma kusa da bayanka, mara nauyi sama, in ka tula komai a ƙarshen kariya gaban babur zai yi sakayau ya dinga rawa in ka ɗan taka. Jakunkunan gefe irin na yadi masu ratayawa a kan kujera sun fi min akwatin ƙarfe, suna da araha, in ka faɗi basa karya ƙafa, kuma mai ɗinkin takalmi ko mai ɗinkin tamfol zai gyara maka su a ko'ina, sai dai ka tabbatar ta dama bata taɓa salansa ba, don zafinsa zai huda ta ya narka abin da ke ciki kana tafe baka sani ba sai ƙauri. Robar tib da muka saba ɗauri da ita tana riƙewa sosai amma rana na cinye ta, ka ɗauki sabuwa ka ƙara da igiya, kuma duk wani baki da ke lilo a ɗaure shi. Masu ƙugiyar ƙarfe a baki ka yi hankali dasu, in ta kuɓuce ido take nema. Jakar goyo mai nauyi a baya kuwa awa biyu zata fara gaya maka a kafaɗa da ƙugu, bari babur ya ɗauki kayan ai shi aka yi don haka. Bayan ka ɗan yi tafiya ka tsaya ka sake jan ɗaurin, kullum sai ka samu ya saki.

Maƙalin waya a kan sitiyari yana da amfani in kana bin taswira, amma girgiza tana kashe kyamarar wasu wayoyin, Apple da kansu sun fitar da gargaɗi akan haka a 2021. In kana da tsohuwar waya ita zaka maƙala, mai tsadar ta zauna a aljihu. Ka sauke taswirar tun a gida saboda akwai wuraren da sabis zai ɗauke, kuma duk da haka labarin hanya na gaskiya yana wajen direbobin tasha, su suka san inda gada ta karye da inda ba'a bi bayan la'asar. Cajar da ake haɗawa da batir kace wa mai wayarin ya bi da ita ta makulli ya sa mata fis, in ya haɗa kai tsaye zata dinga tsotsar batir ko babur na kashe. Haka ƙarin fitilun nan, ɗan injin da ke ba da wuta a ƙaramin babur yana da iyakarsa, ka ɗora masa fitila huɗu da sifika batir ya dinga mutuwa kana mamaki. Ni fitila ɗaya mai kyau da aka saita ta kalli titi ba idon mai tahowa ba ta ishe ni, tunda dama bana shirya tafiyar dare, ba don fitila ba, don halin da hanyoyinmu suke ciki.

Ruwa ka ɗauka fiye da yadda kake zato, iska tana busar da gumi baka san kana bushewa ba sai kai ya fara sarawa. Dabino, ƙuli-ƙuli, 'yar buta da sallaya mai ninkuwa, bandeji da aidin da fanadol da ɗan ƙullin gishiri da sukari na kemis. Tuwo mai nauyi da rana barci yake kawowa, goro yana ɗan taimakawa, amma in ido ya fara lumshewa maganinsa inuwar bishiya ne kusa da mutane, ba ƙwaya ba. Tsabar kuɗi kuma ka raba biyu, kaɗan a aljihun gaba sauran a wani wajen, taransifa bata da tabbas a ƙauye.

Mai, tankin Boxer 150 lita 11 ne, yana kai mutum nesa, ka dai saba da cikawa in ya kai rabi a gidan mai na gaske don kar ka ƙare a hannun 'yan bumburutu da man da ba'a san me aka gauraya masa ba. Kar kace zaka ɗauro jarka, tun 2021 da jihohi irin su Katsina da Zamfara suka hana sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga, babur da galan ɗin fetur a baya abin tuhuma ne a shingen jami'ai, kuma dokar hawa babur kanta tana bambanta daga jiha zuwa jiha har daga ƙaramar hukuma zuwa wata, wani wajen akwai lokacin da aka hana, to ka tambaya kafin ka shiga. Takardun babur da rasit da lasin da katin ɗan ƙasa a leda a aljihun ƙirji inda hannu zai kai ba sai ka kwance kaya ba, lamba kuma a ɗaure a inda ake gani.

Sannan ka sani duk wannan shirin da kayi, hula mai rufe fuska da jaket da kaya a baya, ga soja ko ɗan sanda da ke tsaye a shinge kai mutum ne da bai ga fuskarsa ba a kan Boxer. Tun daga nesa ka rage gudu, ka ɗaga gilashi, in an tsayar da kai ka kashe inji ka cire hular gaba ɗaya kayi sallama kace ranka ya daɗe barka da aiki, hannuwanka a inda yake ganinsu. A wasu shingayen ma sauka ake a tura babur a wuce, in kaga na gabanka sun sauka kaima sauka, kuma jakar da zasu ce a buɗe ta zama mai zif ce ba wadda ka naɗe da roba ninki bakwai ba.